Bakaniken Bakin Kanal

Kura,
Lahadi, 7 ga Yuli.

Zuwa ga mai ɗakina, Halimatu Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Ya mai jiki? Allah ya ba Inna sauƙi, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Gwaggo Kubra tana bakin ƙoƙarinta da tukunya, amma miyarta ba ta kamo taki ba. Kada ki faɗa mata.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Wayar gidanku a buɗe ake sa ta, kowa a Kumbotso sai ya ji, ni kuwa maganata ba ta tsakar gida ba ce. Direban da ke kai min shinkafa Kano zai ba ki hannu da hannu. Ni na liƙe ambulan ɗin, ki duba ko an taɓa.

Kin san ko ni wane ne, amma bari in tuna miki. Ina shekara goma sha huɗu mahaifina ya rasu, na ajiye karatu a aji uku na sakandare, na shiga layin 'yan dashen shinkafa da gajeren wando. Babu kawu, babu baffa, babu wanda ya taɓa dafa kafaɗata. Yau ina da eka goma sha ɗaya a bakin kanal, injin ban-ruwa uku, injin casar shinkafa, da gidan bulo mai ɗaki shida. Na sauke farali, na kai ki kin sauke. Duk wannan daga Allah sai hannuwana biyu. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya min ko ɗaurin buhu.

To, abin da ya sa na kawo wannan, maganar Baballe ce. Tun da kika tafi, wata na uku ke nan, yaron nan ya samu wurin zuwa. Yana tasowa daga makaranta, ya yi abin da zai yi a gona, sai ya zarce rumfar wani bakanike da ke gindin gadar babban kanal. Sunansa Hananiya, Kirista ne, mutumin wajen Jos, ya kai shekara hamsin, injin ban-ruwa yake gyarawa. Kin san rumfar, wadda ake tara tsofaffin injuna a gabanta. Kullum yaron sai ya dawo da baƙin mai a farce.

Ranar Alhamis na wuce a kan babur, na rage gudu. Sa'adiyya, yaron nan dariya yake yi, baki buɗe, har yana buga cinya. Shekararsa goma sha biyar, ni ban san haka dariyarsa take ba. Kuma da kunnena na ji yana ce wa mutumin Baba. Ban tsaya ba, na wuce, amma har na isa gona abin yana min yawo a kai.

Ruwa ba ya tsami banza. Me dattijo mai 'ya'yansa yake nema da ɗan wani? Na zauna na auna, abu uku na gani. Ko addini yake son ja masa, ko ya samu ɗan aikin da ba zai biya ba, ko kuma yana hangen gonar nan tawa ta bakin ƙofar ruwa, wadda ya taɓa tambayata haya shekara biyu da suka wuce na hana. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Ga wani abu kuma. Yaron ya rame, wuyansa ya yi tsawo, idonsa ya yi fari. Jiya na same shi kwance a gindin mangwaro da hantsi, mutane suna aiki. Ni na san sunan wannan ciwo, ragwanci ne, kuma a rumfar nan aka koya masa zama. Na sa Gwaggo ta gaya masa, daga Asabar zai shiga layin 'yan dashe, layi ɗaya da kowa, inda suka tsaya nan zai tsaya. Haka na fara, ban mutu ba.

Ki rubuto min abin da kika sani, don na san ku mata kuna jin abin da ba ma ji. A gaida Inna da jiki, a gaida su Yaya.

Naki,
Alhaji Ɗanbaba.


Kura,
Talata, 16 ga Yuli.

Zuwa ga Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar jikin Inna. Na ji daɗi da kika ce ta fara motsa hannun dama, Allah ya ƙara sauƙi. Ke ma ki riƙa hutawa, mai jinya ma majinyaci ne.

Takardarki ta iso. Kin ce in zaunar da yaron in tambaye shi. Sa'adiyya, ke ce kike faɗin haka? Ke da ko ruwa ba kya miƙa masa a gaban mutane? Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa kiran sunan ba, shi ya sa muke cewa Baballe. In na shigo ya fita, in ya shigo na sunkuyar da kai. Haka muka tarar, haka ake tarbiyya. In zaunar da shi in ce masa me? Na bar hira ga masu hira, ni bincike na yi.

Ranar Laraba na ɗauki injina mafi lafiya, na sassauta fulogi da hannuna, na ɗaura a babur na kai rumfar. Na ce ya ƙi tashi, a duba min. Nufina in ga ko zai ce kafireta ce ko fistin, ya yanka min kuɗi. Ya ja igiya sau ɗaya, ya kasa kunne, ya miƙa wa yaron sifana. Yaron ya ɗaure fulogin ba tare da ya dube ni ba, inji ya tashi. Mutumin ya ce wai injin lafiyarsa ƙalau, sai dai in wani ne ya taɓa shi, in riƙa lura da masu shiga ɗakin ajiyata. Yana faɗa yana murmushi. Na zaro kuɗi, ya ƙi karɓa. Kin ji fa. Wane bakanike ne yake ƙin kuɗi? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ina tsaye aka kira la'asar. Sai na ga ya karɓe sifanar daga hannun yaron, ya nuna masa buta, ya ce maza masallaci, inji ba zai gudu ba. Akwai buta a rumfar da 'yar tabarma a naɗe. Wani zai ce kirki ne. Ni na ce mai kamun kifi ma abinci yake sa wa ƙugiya. Na kuma ga kwano a rufe, wai matarsa Joanna ce take aiko wa yaron wake da zogale, ranar Asabar har da hanta. Na bi ta wurin mahauci na tambaya, ya ce a wurinsa suke sayen nama, shekara ashirin ke nan. To, ko yankan namu ne, wa ya ce masa a gidana ba a ƙoshi?

Da yaron ya tafi salla, mutumin ya matso ya rage murya, ya ce Alhaji, akwai maganar lafiyar Baballe da yake so mu yi, ya zo gida sau biyu ba a same ni ba. Gaskiya ne ya zo, ina ciki, na sa Gwaggo ta ce na fita. Na ce masa lafiyar ɗana tana hannun Allah da hannuna, ya ji da lafiyar injuna. Na hau babur.

Ashe gara da na yi haka. Shekaranjiya Gwaggo tana wanki ta zaro ƙwaya biyu daga aljihun wandonsa, a naɗe cikin takarda. Irin wadda 'yan ƙwadago suke haɗiya, tiramol. Ta kawo min. Takardar da aka naɗe su duk baƙin mai ne. Biri ya yi kama da mutum. Yanzu na gane dariyar, na gane ramar, na gane ƙin karɓar kuɗi. Wanda yake sayar da wannan ba ya bukatar kuɗin fulogi.

Na sa Gwaggo ta faɗa masa, in ya ƙara taka rumfar nan ban yafe ba. Ta ce yana ji ya shige ɗaki. Ban kai maganar wurin hukuma ba tukuna, ina son in kama mutumin dumu-dumu. Kada ki gaya wa 'yan uwanki komai.

A gaida mai jiki.

Naki,
Alhaji Ɗanbaba.


Kura,
Litinin, 29 ga Yuli.

Zuwa ga Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ya jikin Inna? Kafin ki karanta gaba, ki sani Baballe yana raye, yana magana, ya sha kunu da safe. Ki zauna tukuna. Ban kira ki a waya ba don kada ki bar Inna ki fito hanya a gigice.

Bayan na hana shi zuwa rumfar, kwana goma sha ɗaya yaron nan bai ce uffan ba. Gwaggo ta ce abinci sai ya taɓa ya ture. Amma a gona ya zama wani mutum, yana wuce manyan 'yan dashe, har na ce a raina ga shi magani ya yi aiki. Ranar Asabar ina Bunkure wurin takin zamani, rana tsaka, aka bugo min. Wai ya faɗi a cikin taɓo yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. 'Yan dashen nan, mutum tara, duk suka watse. Guda ɗaya ne ya tsaya da tunani, kuma bai nufo gidana ba, rumfar bakaniken ya nufa da gudu. Bakaniken ne ya zo ya tsamo yaron daga ruwa, ya goya shi a babur, ya ɗaure shi da igiyar inji a bayansa, har asibiti.

Na isa na samu bakaniken a bakin ɗakin da aka kwantar da yaron, rigarsa duk taɓo. Ban gaishe shi ba. Likitar mace ce, yarinya, ba ta wuce sa'ar ƙanwarki Hawwa ba. Ta tambaya wane ne uban, na ce ni ne. Ta ce tun yaushe yaron yake fitsarin jini? Ta sake tambaya. Sai mutumin nan daga bayana ya ce tun bara kafin girbi, kuma wata huɗun nan da zafi yake fita, har da jiri.

Na ce, au, tsargiya ce? Ai wannan ba ciwo ba ne. Duk yaron da ya tashi a bakin kanal sai ya yi, mu a zamaninmu har alfahari muke yi da ita, cewa ake yaro ya fara zama namiji. Ni ma na yi. Likitar ta dube ni, kallon da ba a taɓa yi min ba tun da na mallaki eka ɗaya. Ta ce tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar cikin ruwa, ta huda fata ta shiga jiki, tana cin mafitsara. Ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ga ƙwaya ya sha a kai cikin rana, shi ya kawo faɗuwar. Ta ce wanda ya sa yaro a wannan hali ya yi dashe, da gangan ko da rashin sani, ya kusa binne shi.

Raina ya ɓaci, na juya kan bakaniken a gaban jama'a. Na ce ƙwayar ai daga wurinsa take, na ga shaida. Sa'adiyya, na faɗi maganganu, har na ambaci inda ya fito. Ya fita, na ce to ya gudu. Bayan kamar rabin awa sai ga shi da wani gwangwanin madara, ya buɗe a gaban likitar, ƙwayoyi ne a ciki rututu. Ya ce 'yan ƙwadago ne suke ba yaron, tun lokacin da ƙarfinsa ya fara ƙarewa yana tsoron a ce masa rago. Ya ce sun yi yarjejeniya, duk ranar da aka ba shi ba zai haɗiya ba, zai kawo rumfa ya jefa a gwangwani, shi kuma ya koya masa sabon abu a inji. Mako biyar ke nan bai sha ba, har ranar da aka hana shi zuwa. Ya ce ya so ya kawo shi asibiti tun tuni, amma ba ya ɗaukar ɗan mutum ba da izinin ubansa ba.

A daidai nan aka ce ana bukatar jini. Aka gwada nawa ya yi daidai. Na ce su ɗibi leda biyu, suka ce ɗaya ake ɗiba, na ce jinina ne ko nasu? Ɗaya dai suka ɗiba. Ina kwance ina kallon ledar tana cika, na ce ko ba komai wannan kam ba bakanike ne ya ba shi ba.

An ba shi maganin tsargiyar, manyan ƙwayoyi farare, da na ƙarin jini. Sun ce jibi za a sallame mu.

Kada ki ɗauka na sallama. Gwangwani ba ya magana, kowa zai iya cika shi ya zo da labari. Zan bincika. Ki yi masa addu'a, ki sa Inna ma ta yi.

Naki,
Alhaji Ɗanbaba.


Kura,
Juma'a, 16 ga Agusta.

Zuwa ga Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Barka da Juma'a. Ya gida, ya mai jiki? Na gode da zuwan da kika yi na yini ɗaya, ko da yake kin ƙare shi a ɗakin Gwaggo kina leƙen yaron ta labule. Dabinon da kika bari yana ci.

Na bincika. Na kama shugaban 'yan dashen, na ce ko ya faɗa min gaskiya ko ya manta da gonata har abada. Ya rantse bakaniken bai taɓa sayar da ko ƙwaya ɗaya ba, hasali ma ya taɓa zuwa ya yi musu tas a kan yaron. Na tambayi mai shayin gindin gada, na tambayi liman, na tambayi mutum biyu da na san ba sa shiri da shi, don maƙiyi ya fi aboki sanin aibin mutum. Abin da suka samo kawai, wai yana da jinkirin aiki, kuma ba ya gyara ranar Lahadi ko gona za ta ƙone.

Duk da haka ban so in mayar da yaron ba. Likitar ta ce yaro mai irin shekarunsa yana bukatar babba guda wanda zai iya gaya wa abin da ba zai gaya wa iyaye ba, in ba haka ba ciwon zai dawo, ƙwayar ma ta dawo. Na ce to, in haka ne ni zan zaɓo da kaina, daga cikin namu.

Na fara da abokina mai sayar da taki. Na tura masa yaron kwana uku, ya sa shi sauke buhuna, ya yi ta ba shi labarin yadda ya yi arziki. Rana ta uku yaron ya dawo da jiri. Na kai shi wurin wani malamin makarantarsu, mutumin kirki. Duk abin da yaron ya faɗa da yamma, kafin magariba malam ya kawo min, har da ƙari. Da farko na ji daɗi. Kwana biyu yaron ya gano, ya kulle bakinsa. Na gwada ɗan Gwaggo da ke Garun Mallam, shi kuma wa'azi ya yi ta yi masa, bai tambaye shi ko ya ci abinci ba.

Shekaranjiya Gwaggo ta same ni a zaure, ta ce Ɗanbaba, kana ta neman abin da ke rataye a wuyanka. Ta ce ta tambayi yaron me ya sa bai faɗa a gida ba. Ya ce ta yaya zai kalli Alhaji ya ambaci fitsari? Ya ce a rumfa kuwa hannu yana aiki, ido yana kan inji, ba wanda yake kallon fuskarka, sai magana ta zame ta fito. Ya ce shi ya fara zuwa da ƙafarsa, don ya ji wani inji yana tari ya tsaya ya tambaya, mutumin bai kore shi ba.

Na daɗe a zaune bayan ta tashi. A da, kin sani, ɗan fari ba a gidan ubansa yake tashi ba. Kaka ko baffa ke ɗaukarsa, a can yake kukansa, a can yake shagwaɓarsa, iyaye su yi ta kunyarsu lafiya. Mu mun riƙe kunyar, amma ba mu ba shi kowa ba. Ni ba ni da ɗan uwa namiji, naki suna Kumbotso. Yaron ya duba gabas da yamma, ya nemo wa kansa.

Ga abin da na gano da kaina, ki gaya wa Yaya, don na ga ɗansa ma ya fara tsawo. Ba a naɗa wa yaro irin wannan mutum kamar rawani. Ka lura da inda ƙafarsa take zuwa in ba a aike shi ba, sannan ka bi sawu. Ka je da rana ka ga ko wurin a buɗe yake, kowa na wucewa na gani. Ka ga ko mutumin yana koro shi gida da masallaci, ko riƙe shi yake yi. Ka tambayi maƙiyansa. Mafi girma, ka ga ko yana nemanka ko gudunka yake yi. Wannan sau uku ya neme ni.

Maganar gonar bakin ƙofar ruwa dai ban cire ta daga raina ba. Mutum mugun icce ne. Ina nan ina kallo.

A gaida Inna.

Naki,
Alhaji Ɗanbaba.


Kura,
Alhamis, 5 ga Satumba.

Zuwa ga mai ɗakina Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina murna da jin Inna ta taka har bakin ƙofa. Allah ya cika mata lafiya, ke kuma ya dawo mana da ke, gidan ya gaji da jira. Shinkafa ta fara ɗaukar ciki, ruwa ya wadata.

Na mayar da yaron rumfar, amma ba a ɓoye ba. Na sayi goro ƙwarya guda, na ɗauki liman, na ce bakaniken ya kira dattijo daga cocinsu, ya kira wani Stephen. Yaron yana biye da mu a baya. A gaban shaidu na ce maganar da na faɗa a asibiti na janye ta, ba don wani ya sa ni ba. Na ce ga amana, da sharaɗi. Makaranta ce gaba, salla a kan lokaci, ba shiga kanal, in za a taɓa ruwa sai da dogon takalmin roba, na riga na saya. Abin da ya shafi lafiya a gaya min a ranar, sauran hirarsu ba na so in ji. Wannan na ƙarshen shi ya fi min wuya. Mutumin ya karɓi goron da hannu biyu, ya ce shi ma wani tsohon bakanike ne a Kura ya riƙe shi haka lokacin da ya zo yana saurayi. Na ce wannan tsakaninsu ne.

Yaron ya fara cikowa. Jiya ya cinye tuwo ya nemi ƙari, Gwaggo har da guɗa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yau muka koma asibiti a sake gwaji, ni da shi, a babur ɗaya. An ce fitsari ya washe, jini yana hawa, a dawo bayan wata uku. Da aka miƙo katinsa sai na karanta. Sunan majinyaci: Baballe, shi ke nan. Wanda ke kula da shi: Hananiya, bakanike, gindin gada. Na juya katin gaba da baya, babu ni a ko'ina. Ni da jinina ke yawo a jikinsa.

Na koma tagar masu kati. Ma'aikacin ya ce in goge wancan ne? Na ce kada ya kuskura, mutumin shi ya goyo shi, a bar masa layinsa. A ƙara nawa. Ya ce to, amma sai an gyara sunan yaron tukuna, mene ne sunansa na yanka? Na waiga, yaron yana tsaye dab da ni, ga layi a bayanmu, ba Gwaggo balle in ce ta faɗa. Na ce Badamasi. Ma'aikacin ya ce bai ji ba, saboda gilashi. Na ɗaga murya na ce Badamasi Ɗanbaba. Sa'adiyya, yaron ya ɗago kai ya ce na'am. Ya ɗauka kiransa na yi. Muka dubi juna, ban san wa ya fara kawar da kai ba. A hanya ya riƙe rigata ta baya har gida, ni kuma ban ce ya saki ba.

Sai dai ban yarda da ma'aikacin nan ba. Ya ce wai layin ya cike, zai rubuta a sabon kati in an kawo, ya sa sunana a wata 'yar takarda ya soke a ƙusa. Na san irin wannan ƙusar. Ranar da za ki dawo, ki sauka a asibitin kafin ki iso gida, ki ce a fito da katin ki gani da idonki. In babu, ki zauna a bakin tagar har sai an rubuta, ni ma Litinin zan koma. Ba na son a taƙaita, ba na son a sa harafi biyu da ɗigo. A rubuta shi cikakke da biro mai kyau, a saman na bakaniken, ba a ƙasa ba.

A gaida Inna, a gaida su Yaya. Ni ne naki, kuma haka nake so a sa a katin:

Alhaji Ɗanbaba Badamasi Kura,
uban yaron.